Alama ko Yanka: Nazarin Naɗar Haɗin Waƙoƙin DJ da Manhaja da Raba Shi Zango-Zango

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake naɗar haɗin waƙoƙin DJ da manhajar kwamfuta, da abin da ke samun haɗin idan aka zo raba shi domin mai sauraro ya iya tsallakawa zuwa waƙar da yake so. An bi hanyar nazarin ƙa'idojin faifan CD da na fayilolin sauti, aka haɗa da lissafin tsawon bugu da na giɓi. Maƙalar ta nuna cewa iyakar waƙa a cikin haɗi shawara ce ta mai rabawa, ba a tarar da ita a kwance cikin sautin, kuma kowace hanyar yanka tana da ta'adin da take yi. A kan haka aka fifita ajiye naɗi guda cikakke tare da takardar alamomi a kan yanyanka fayil.

1.0 Gabatarwa

Aikin DJ na gidajen rawa ya ginu a kan sharaɗi guda: kada kiɗa ya tsaya. Tun ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, lokacin da Francis Grasso yake daidaita bugun faifan garmaho biyu da kunne a gidan rawa na Sanctuary da ke birnin New York, gwaninta ita ce a shigo da waƙa ta biyu a kan ta farko ba tare da ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe ba. Abin da wannan aiki ke haifarwa shi ake nufi da haɗi a nan, wato miks a bakin masu sana'ar: sauti guda mai tsawon awa ɗaya ko biyu ko fiye, wanda waƙoƙi da dama suka shiga cikin juna.

Buƙatar mai sauraro a gida ko a mota daban take. Yana so ya san sunan waƙar da ke tashi, ya koma kanta gobe, ya tsallake wadda ba ta yi masa ba. Masu haƙƙin mallaka su ma suna so a san inda waƙarsu ta fara da inda ta ƙare. Don haka ake raba haɗin, alhali an yi shi ne domin kada ya rabu.

Za a yi amfani da kalmomi uku a tsaye. Zango shi ne yankin haɗi da aka ba lamba da suna. Magama ita ce tsawon lokacin da waƙa biyu suke tashi tare. Giɓi kuwa shi ne duk wani shiru da na'ura ta cusa tsakanin zango da zango wanda babu shi a ainihin naɗin. Manufar maƙalar ita ce ta bi sautin tun daga fitowarsa daga miksa har zuwa na'urar kunnawa, ta nuna wuraren da rabawa ke cutar da shi da dalilin hakan.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Ayyukan da suka taɓo wannan batu sun rabu gida biyu, kuma gidajen ba su cika leƙa juna ba. Na farko na masana tarihi da kiɗa ne. Brewster da Broughton (1999) sun bi tarihin DJ tun daga rediyo har zuwa manyan gidajen rawa, Fikentscher (2000) ya yi nazarin rawar ƙarƙashin ƙasa ta New York, Butler (2006) kuma ya fayyace tsarin bugu da ginin kiɗan lantarki. Dukansu sun ɗauki haɗi a matsayin aiki guda mai farko da tsakiya da ƙarshe, ba su tsaya kan batun fayil da yanka ba.

Gida na biyu na masu binciken gano bayanan kiɗa da kwamfuta ne. Foote (2000) ya kawo dabarar kwatanta kowane ɗan yanki na sauti da sauran yankuna domin a gano inda sabon abu ya shigo. Scarfe da Koolen da Kalnishkan (2013) sun ɗora wannan dabara a kan dogayen shirye-shiryen rediyo na kiɗan rawa, Glazyrin (2014) shi ma ya gwada raba haɗi zuwa waƙoƙi daga sautin kaɗai. Ma'aunin da suka gwada sakamakonsu da shi shi ne alamomin da mutane suka sa da hannu. Sonnleitner da Arzt da Widmer (2016) sun bi ta hanyar tambarin sauti domin gano waƙoƙin da aka kunna. Schwarz da Fourer a Faransa sun yi aiki a kan warware haɗi, wato gano yadda DJ ya sarrafa kowace waƙa. Kim da abokan aikinsa (2020) a Koriya ta Kudu sun jera haɗi 1,557 kafaɗa da kafaɗa da waƙoƙinsu na asali, suka ga cewa tsawon magama yana yawan faɗawa a kan ninkin bugu 32.

Abin lura shi ne da yawa daga cikin ayyukan gida na biyu sun ɗauka cewa akwai iyaka guda ta gaskiya wadda kwamfuta za ta nemo. Wannan maƙala tana ganin a nan ne gizo yake saƙar.

3.0 Hanyar Nazari

Ba a gudanar da gwajin sauraro ba. An dogara ne a kan ƙa'idar faifan CD da kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1980, da tsarin fayilolin WAV da FLAC da MP3 da AAC, da ayyukan naɗi da manhajojin Mixxx da Traktor da VirtualDJ da Serato da rekordbox da Audacity suke da su. Daga nan aka yi lissafi. Sai dai in an faɗi akasin haka, duk lissafin yana kan ma'aunin CD ne: ɗigon sauti 44,100 a kowane sakan, kowane ɗigo bit 16, layi biyu na hagu da dama. An ɗauki saurin bugu 128 a minti a matsayin misali saboda yawansa a kiɗan rawa na lantarki.

4.0 Naɗi

4.1 Hanyar da sauti ke bi

Idan a cikin kwamfuta ake haɗa waƙoƙin, naɗi ba shi da wuya: manhajar tana rubuta abin da ta fitar kai tsaye cikin fayil, ba tare da ya bi ta waya ba. Idan kuwa miksa ta waje ce ke haɗawa, manhajar ba ta jin sakamakon, dole a dawo da shi ta katin sauti. Mafi dacewa a ɗauko shi daga kafar naɗi ta miksar, domin a miksoci da yawa wannan kafa ba ta bin maɓallin da ke ƙara wa lasifikan fili ƙarfi, don haka ko an ƙure sauti a tsakiyar dare naɗin yana nan daidai. Akwai kuma shingen da ba na fasaha ba: Serato da rekordbox suna kulle naɗi idan waƙar daga kafar sauraro ta intanet ake jawo ta, saboda sharuɗɗan lasisi.

4.2 Ratar sama

Sautin dijital yana da rufi, kuma duk abin da ya wuce rufin datse shi ake yi, ba ya dawowa. A magama ne wannan haɗari ya fi yawa. Sauti biyu masu ƙarfi ɗaya da ba su da alaƙa suna ƙara kusan desibel 3 idan aka haɗa su, amma bugun manyan ganguna biyu da suka faɗi lokaci guda yana iya kaiwa desibel 6. Wato ƙwarewar DJ wajen daidaita bugu ita ce take ƙara tura sautin zuwa rufi. Shi ya sa masu sana'ar suke rage amon ƙasa na waƙa ɗaya kafin su buɗe na ɗayar, shi ya sa kuma ya kamata a bar ratar aƙalla desibel 6 lokacin naɗi. Wannan rata ba asara ba ce idan da bit 24 aka naɗa, tunda faɗinsa a lissafi ya kai desibel 144, na bit 16 kuwa 96.

4.3 Girman fayil

Sakan ɗaya a ma'aunin CD yana cin bayit 176,400, awa ɗaya kimanin megabayit 635. Fayil ɗin WAV ba ya wuce gigabayit 4, wato kusan awa 6 da minti 45. Idan aka koma bit 24 da ɗigo 48,000 sai ya sauko awa 4 da 'yan mintuna. Wasu manhajoji tun a gigabayit 2 suke tsayawa. Saboda haka Traktor da Mixxx suna buɗe sabon fayil da kansu idan na farko ya cika. Wannan rabuwa ta girma ce kawai, ba ruwanta da waƙa, kuma ana sake manne fayilolin kafin a fara sa alama.

5.0 Ina Iyakar Zango Take?

Duk wanda ya tsaya a Lokoja ya kalli inda Neja da Binuwai suka haɗu ya san ruwan biyu suna tafiya tare na wani nisa kafin su zama ɗaya, kuma babu taku guda da za a nuna a ce nan wannan ya ƙare. Haka magama take. A saurin bugu 128, bugu ɗaya sakan 0.46875 ne, bugu 32 kuwa sakan 15 cif. Magama mai bugu 64 rabin minti ce, mai 128 minti guda. A duk tsawon wannan lokaci waƙa biyu ne a kunne.

Aƙalla wurare uku ne ke da hujjar zama iyaka. Akwai inda aka fara jin sabuwar waƙa, akwai inda amon ƙasa ya koma hannunta, akwai kuma inda tsohuwar ta ɓace gaba ɗaya. Mai lissafin haƙƙin mallaka yana buƙatar na farko da na uku a tare, domin a wurinsa zanguna biyu suna hawa kan juna, abin da faifan CD ba ya iya nunawa. Mai sauraron da ya danna maɓallin tsallake yana so ya sauka inda sabuwar waƙa ta riga ta karɓi fili. Idan aka sa alama a wuri na farko, zai sauka ne a cikin waƙar da yake gudu. Idan a na uku ne, ya rasa shigowar wadda yake nema. A ganin wannan maƙala wuri na biyu ya fi dacewa da sauraro, da sharaɗin alamar ta faɗi a kan bugun farko na jimlar kiɗa, ba a tsakiyarta ba. Amma wannan zaɓi ne, kuma wani zai iya yin nasa da hujja.

Manhajojin da ke sa alama da kansu su ma zaɓi suke yi, sai dai ba sa sanarwa. Mixxx da VirtualDJ suna iya rubuta takardar alamomi yayin naɗi, suna dogaro da abin da suke gani a cikinsu, kamar wace waƙa ce ke tashi da inda maɓallin tsallaka sauti yake. DJ ɗin da ke haɗawa da maɓallan amo, ya bar na tsallakawa a tsakiya, yakan tarar alamomin sun kauce. Dabarar neman shiru da manhajojin gyaran sauti suke amfani da ita wajen raba faifan garmaho ba ta da abin kamawa a nan, tunda haɗi mai kyau ba shi da shiru. Tambarin sauti irin wanda Wang (2003) ya bayyana, wanda manhajar Shazam ta ginu a kai, yana dogara da ƙololuwar amo da tazarar lokaci tsakaninsu, DJ kuwa su yake sauyawa. Na'urar Technics SL-1200MK2 ta 1979 tana ba da damar ƙara ko rage sauri da kashi 8 cikin ɗari, kuma kashi 6 kaɗai ya isa ya ɗaga muryar waƙa da kusan rabin mataki. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro tambura masu jure miƙewa da tsukewa, irin na Six da Leman (2014). Ko da sun gano waƙar, abin da suke bayarwa shi ne tsawon lokacin da aka ji ta. Wurin sa alama yana nan a hannun mutum.

6.0 Abin da Yanka ke Jawowa

6.1 A faifan CD

An raba sautin CD gurbi-gurbi, gurbi 75 a sakan, kowane gurbi ɗigo 588, wato milisakan 13.3. Zango ba ya farawa sai a bakin gurbi. Idan aka yanka fayil a inda adadin ɗigonsa bai zama ninkin 588 ba, manhajar buga faifai takan cike ragowar gurbin da shiru, har ɗigo 587, sai a ji ɗan ƙyas a tsakiyar kiɗa. Maganinsa sananne ne: Audacity tana da ma'aunin lokaci na gurbin CD, idan aka sa alamomi su manne da shi kafin a fitar da fayiloli matsalar ta kau. Kaucewar da hakan ke jawowa ba ta wuce milisakan 6.7 ba, kuma ba a jin ta tunda ba a cire komai daga sautin ba. A saurin 125 ma bugu ɗaya gurbi 36 ne daidai, amma wannan dace ne kawai.

Shawarar da ake yawan bayarwa cewa a yanka a inda igiyar sauti ta ratsa sifili tana cin karo da wannan. Da wuya wurin ya zo daidai da bakin gurbi, da wuya kuma layin hagu da na dama su ratsa sifili tare. Amfaninta na ga wanda zai kunna zango shi kaɗai ne. Idan zangunan za su biyo juna ba giɓi, ɗigo yana bin ɗigo kamar ba a taɓa yanka ba. Mafi muni shi ne a sa dusashewa a bakin kowane zango don kashe ƙyas ɗin, domin wannan ramin ba ya cikuwa.

Sauran sharuɗɗan faifan kaɗan ne: zango 99 ne iyaka, kowanne aƙalla sakan 4, kuma dole a buga faifan a zama guda, domin bugun zango-zango yana cusa shirun sakan 2. Da wannan hanya fayafayan haɗi na kasuwa, irin na Sasha da John Digweed da gidan rawa na Renaissance ya fitar a Ingila a 1994, suka samu lambobin zango ba tare da kiɗan ya katse ba. Faifan CD bai taɓa yanka haɗi ba, teburin lambobi kawai yake ɗauke da shi a farkonsa.

6.2 A matsi mai asara

A nan ne ta'adin ya fi girma. MP3 tana ɗaure sauti ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗigo 1,152, wato milisakan 26.1, kuma fayil ba ya ƙarewa da rabin ƙulli, sai an cike shi. Ban da haka, aikin matsewa da warwarewa yana jawo jinkiri a farkon fayil: na matsewa a manhajar LAME ɗigo 576 ne, na warwarewa 529, jimla 1,105, kimanin milisakan 25. Idan aka haɗa cikon ƙarshen zango da jinkirin farkon na gaba, giɓin yana iya kaiwa milisakan 50. A saurin 128, kashi ɗaya cikin huɗu na bugu milisakan 117 ne. Giɓin da ya kusa rabin wannan ba ya ɓuya ga kunnen mai rawa. AAC ma haka take, domin manhajar Apple tana sa ɗigo 2,112 a gaba.

An yi wa matsalar faci. LAME tana rubuta adadin jinkiri da na ciko a kan fayil, Apple ma ta shigo da kunnawa ba giɓi a iTunes 7 a 2006. Sai dai facin yana aiki ne kawai idan na'urar kunnawa ta karanta bayanin ta kuma yi aiki da shi. FLAC da WAV ba su da wannan jinkiri, tsarin Vorbis da na Opus kuma sun sa maganinsa a cikin ƙa'idarsu tun asali.

Wasu suna matse haɗin duka zuwa MP3 guda, sannan su yanka da manhajar mp3splt ko mp3DirectCut ba tare da sake matsewa ba. Wannan ya kauce wa asara ta biyu, amma yankan ba ya faɗawa sai a bakin ƙulli, kuma ƙullin MP3 yakan ajiye wani ɓangare na bayaninsa a cikin waɗanda suka gabace shi. Ƙullin farko na sabon zango yana iya neman abin da aka bari a fayil ɗin baya.

6.3 Daidaita ƙarfi

Duk gyaran da za a yi wa haɗi, na ƙarfi ne ko na sauko da shi daga ɗigo 48,000 zuwa 44,100 ko daga bit 24 zuwa 16, a yi shi kafin yanka, a kan fayil guda. Idan aka daidaita kowane zango shi kaɗai, wurin da DJ ya sassauta da gangan zai tashi, kuma za a ji tsalle a kowace iyaka. Tsarin ReplayGain na 2001 yana da ma'aunin waƙa da ma'aunin kundi, kuma na kundi ne ya dace da haɗi.

7.0 Takardar Alamomi

Takardar alamomi ƙaramin fayil ne na rubutu zalla mai ƙarewa da .cue, wanda ya samo asali daga manhajar buga faifai ta CDRWIN. Tana ambaton fayil ɗin sauti, sannan ta jera lambar kowane zango da sunan waƙa da na mawaƙi da lokacin farawa. Lokacin yana da gida uku: minti, sakan, gurbi. Gida na uku daga 00 zuwa 74 yake, kuma nan ne masu rubutawa da hannu suke yawan kuskure: 07:12:50 na nufin sakan 12 da kashi biyu cikin uku, ba da rabi ba.

Fifikonta a kan yanka ya biyo bayan abin da aka nuna a sashe na 5.0. Tunda iyaka shawara ce, ya kamata a ajiye ta a inda za a iya sauya ta. Naɗi guda yana iya ɗaukar takarda biyu, ɗaya ta sauraro, ɗaya mai nuna shigowar kowace waƙa domin lissafin haƙƙi. Daga ita ake buga CD, daga ita ake fitar da zanguna a kowane tsari, ainihin naɗin kuma ba a taɓa shi ba. FLAC tana iya ɗaukar takardar a cikinta, manhajar foobar2000 kuma tana nuna fayil guda a matsayin jerin zanguna. Babi-babi na fayilolin M4A da na YouTube da jerin waƙoƙin Mixcloud duk wannan tunani ne a wata riga. Ko sanarwar Apple Music ta 2021, cewa za ta yi amfani da fasahar Shazam wajen gano masu haƙƙi a cikin haɗi domin a biya su, a kan sanin lokutan waƙoƙi ta dogara.

8.0 Haɗi a Kan Memori da Waya

Raunin takardar alamomi guda ne, kuma babba ne: na'urori masu araha ba su san ta ba. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar waƙa ta daɗe tana yawo hannu da hannu. Larkin (2008) ya bayyana yadda kwafin kaset ya bunƙasa a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, kuma bayan kaset da CD sai memori da filas da turi daga waya zuwa waya suka gaje su. Rediyon mota mai kafar filas da ƙaramar lasifika mai cin memori fayil kawai suke gani, kuma da yawansu sukan ɗan tsaya kafin su buɗe na gaba ko da fayil ɗin ba shi da giɓi. Wasu ma ba sa bin lambar zango, suna kunna fayiloli ne bisa jerin da aka zuba su. Fayil ɗin .cue kuwa yakan ɓace tun a turi na farko, domin mai turawa sauti kawai yake zaɓa.

A irin wannan yanayi MP3 guda ta fi zanguna aminci ga haɗin da magamarsa doguwa ce: awa ɗaya megabayit 57.6 ce a kilobit 128, 144 a kilobit 320, kuma jerin waƙoƙi da lokutansu yana iya shiga gidan bayanan fayil ɗin ya yi tafiya tare da shi. Haɗin da ke tsalle daga waƙa zuwa waƙa da gajeriyar magama, irin wanda aka fi ji a wuraren biki, ya fi jure yanka, sai a fitar da kowane zango daga naɗin asali marar asara, a sa lamba mai gida biyu a gaban sunansa, a zuba su a memori ɗaya bayan ɗaya bisa jerinsu.